Malafar da Na Ɗora wa Ramanu

Tun da muka dawo daga Dakota ba ku bar ni na sha iska ba. A bakin masallaci, a wajen mai shayi, har a cikin jirgin ƙasa wani ya tsallako mutum uku ya zo ya ce, "Baba Ilu, wai da gaske ka ga Jajayen Indiyawa? Da gashin tsuntsu a kansu?" Ni kuma in ba ku labarin ɓauna da na motar Mumuni, ku yi dariya, a watse. To, wancan labarin na bakin tebur ne, irin wanda nake ɗora wa mai sayen tabarau a matsayin gyara. Na gaskiyar shi ne wannan. Na ɗauki haƙƙin wani tsoho a can, mutumin da ya ba ni masauki, kuma abin da za ku karanta labarin yadda na yi ta zille wa neman gafararsa ne. Rubutun kuwa ku yi haƙuri da shi. Aji biyu na yi a lakwal a Damagaram, a na ukun malamin ya aika wa babana cewa gara a turo masa jakin gidanmu.

Mafarin abin Mumuni ne. Ga wanda bai san shi ba, shi ne ɗan Kumasin nan mai doguwar farar mota da ke ɗauko mana kaya daga wajen masu sari a Broadway, wanda a Hausarsa komai namiji ne, har uwar da ta haife shi. Ya zo teburina a titin 116, nan Harlem ta New York, ya tarar ina gyangyaɗi.

"Baba Ilu, kana nan kana gadin tabarau. Akwai wani gari a Dakota, duk shekara masu babur suna taruwa sati guda. Abin da ka aza a tebur duk sun saye."

Na ce, "Ina ne kuma Dakota?"

"Bayan Chicago kaɗan."

Wannan "kaɗan" ɗin, ni da Mumuni sai a gaban Allah.

Na tafi sarin kaya. Kun san ni ba Turanci nake karantawa ba, hoto nake saye. Shekara ashirin da ɗoriya da ido nake wannan sana'a: in za ka garin masunta ka sari riga mai kifi, in za ka garin 'yan ƙwallo ka sari mai ƙwallo, kuma ban taɓa kwana da kaya ba. Na tambayi dillalina me mutanen can suke so, ya ce dawaki. Ya buɗe wani kwali. Malafa ce baƙa mai faɗin baki, da igiya ruwan gwal a zagaye, a goshinta takubba biyu a gicciye da wata lamba a samansu. Ina ganinta na gane ta. Malafar sojan doki ce ta silima. A Damagaram muna da silima marar rufi, kuma fim ɗin kaboyi shi ne abincinmu. Indiyawa su kewaye Turawa, ana kuka ana salati, sai ka ji begila daga bayan tudu, sojan doki su ɓullo a guje, silima duka ta miƙe tana ihu, "Ga su nan! Ga su nan!" Ban taɓa tambayar abin da ya haɗa su faɗa ba. Mu dai mun san masu begila su ne namu. Na sari kwali biyu ina murmushi ni kaɗai.

Ranar Alhamis bayan asuba muka haye gada muka bar New York. Na cusa takarduna duka a aljihun gaba: fasfo, katin zama, har katin allurar da aka yi mini tun zamanin da nake da gashi. Mumuni ya ce za mu ƙetare jihohi da yawa, ni kuma na san me ake nufi da iyaka. Sai ga shi iyakarsu allo ne kawai a gefen hanya. Babu jandarma, babu 'yan duwan masu binciken kaya, babu igiya mai tsumma a tsakiya, babu mai leƙo kai ya ce "me aka kawo mana?" Har haushi na ji. Mutum ya shirya ƙaryarsa tun daga gida, ya haddace ta tsaf, a rasa mai tambayarsa.

Guzurina kilishi ne da dambun nama. Mumuni ya taho da garin rogo da baƙin yajin nan nasu na kwalba, wanda in ka ci yau sai jibi kake daina tunawa da shi. A gidajen mai kuwa abin da suke sayarwa wani nama ne mai kama da yatsa, yana ta juyawa a kan ƙarfe tun safe. Mumuni ya tambayi yarinyar ko alade ne, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma shekararta uku a wurin.

A Ohio na samu wata 'yar ciyawa kore shar a bayan inda manyan motoci ke tsayawa, na shimfiɗa darduma zan yi la'asar. Ina kabbara wani ƙaton direba mai gemu har ƙirji ya zo ya tsaya yana kallona. Zuciyata ta ce shi ke nan, yau za a yi labarinka a talabijin. Na zaɓo gajerun surori, na sallame a gurguje. Sai mutumin ya cire hula, cikin ladabi, ya nuna mini wani allo a bayana. Hoton kare ne a tsugune. Wurin bahayar karnuka ne. Ni da nake taƙama da karanta hoto! Sai da na wanke dardumar a famfon gidan mai, na sake sallar a kan kwali.

Masaukinmu na farko wani motel ne na wani Ba'indiye. Na zunguri Mumuni na ce ko shi ne irin Indiyawan fim ɗin kaboyi, ya ce a'a, wannan na Indiyar rawa da waƙa ne. Ɗakin ba laifi, amma babu buta. Na duba na ga wata 'yar tukunyar gilashi mai hannu a kan tebur, na shiga da ita na yi abin da ake yi da buta, na ɗauraye na mayar. Da safe na fito daga wanka na tarar Mumuni ya dafa kofi a ciki yana kurɓa, yana yaba wa mai motel. Ban gaya masa ba. Yanzu zai gani a nan, ya yi haƙuri.

Muka wuce Chicago, "kaɗan" ɗin bai ƙare ba. Masara, masara, masara, har na fara jin tausayin wanda zai ɓare ta. A rana ta uku masarar ta ƙare, ƙasa ta shimfiɗe kamar hanyar Tanut a arewacin Damagaram, sai dai a maimakon rairayi ciyawa. A nan na ga ɓaunar da nake ba ku labari. Gaskiyar magana a bayan waya take, kuma ba ta bi ni ba. Ko kallona ba ta yi ba.

Asabar da rana macen nan mai nuna hanya a cikin wayar Mumuni ta ce mu sauka daga babbar hanya.

"Matar nan ya ce akwai yanke," in ji Mumuni.

Muka bi yanke. Can muka wuce wani allo, Mumuni ya karanta ya ce mun shiga ƙasar mutanen da Turawa ke kira Siyu, su kuma suna kiran kansu Lakota. Ƙasa ce a cikin ƙasa, da 'yan sandansu da shugabanninsu. Na gyara zama ina neman gashin tsuntsu. Abin da na gani gidaje ne masu kama da kwantena, da tsofaffin motoci, da wani mutum da wandon jins yana gyaran shinge. Ba mu yi nisa ba motar ta fara tururi kamar tukunyar dambu, ta yi tari biyu, ta tsaya.

"Mota ya mutu."

Waya ma ta mutu, babu sabis. Mun fi awa a gindin motar muna ɗora wa juna laifi, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya. Wani dogon tsoho ya sauko, ya haura tamanin, da kitso biyu farare har kafaɗa da 'yar hular hana-salla. Na zazzage masa duk gaisuwar da na iya da Turanci: ya aiki, ya iyali, ya zafi. Ya amsa duka da gyaɗa kai sau ɗaya. Ya miƙo hannu a sake, ba irin matsar da Turawa ke yi ba kamar za su karɓe maka yatsu. Ya tsaya yana kallon injin. Sannan ya turo leɓe ya nuna wani gida can nesa. Da leɓe, wallahi, kamar yadda innata take nuna inda ta ajiye ludayi. A nan na ji hankalina ya kwanta.

Sunansa Raymond. Bakina ya ƙi, na ce masa Ramanu, ya ce ya karɓa. Shi kuwa sau ɗaya na faɗi sunana ya maimaita daidai.

Ya ja mu da igiya har gida. 'Yarsa ta fito, Dalin, mace mai kamar shekara hamsin, ita ke tuƙa motar 'yan makaranta kuma ita ke gyara ta. Ta leƙa injin ta ce famfon ruwa ne, kuma ba za a samu sabo ba sai Litinin. Mumuni ya matso kunnena.

"Baba Ilu, mace ne fa bakaniken!"

"To kai namiji me ka gyara?"

Muka yi maganar motel, Ramanu ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe mana wani ɗan gida mai taya a bayan nasa, ya kawo barguna, ya sa Mumuni ya tambaye ni ta ina muke fuskanta in za mu yi salla, ya janye kujera daga wajen da hannunsa. Aka kawo abinci: wani soyayyen burodi mai faɗi kamar fanken da ya ƙoshi, da miyar busasshiyar masara da naman ɓauna. Na so in tambayi wa ya yanka, amma guzurina bai je ko'ina ba, kwana uku ina cin garin Mumuni. Yunwa ta ba da fatawa, na yi bisimilla.

Da yamma muka zauna a barandarsa. Mutanen nan suna iya zama da kai awa guda ba magana, kuma a wajensu hira aka yi. Ni kuwa in na yi shiru minti biyar sai in ji kamar na mutu ba a sanar da ni ba. Na yi ta zuba, Mumuni yana juyawa: labarin Damagaram, da rijiyar unguwarmu, da dokin kawuna da ya ƙi kowa sai mai goro. Ramanu yana da dawaki uku. Na ɗauko tabarau mafi girma a jakata na je na ɗora wa ɗaya a hanci, na ce a tambaye shi ko zai saya ko sai an yi masa ragi. Tsohon ya yi dariya har ya riƙe ƙirji. Dalin ta leƙo ta taga tana kallonsa. Daga baya ta gaya wa Mumuni rabon da ta ji dariyarsa tun rasuwar uwarta, kuma gobe Lahadi shekara guda ke nan cif, za a yi taro.

Taron a ƙarƙashin wata babbar rumfa aka yi shi. Maza suka kewaye ganga guda ɗaya suna bugawa tare, suna wata waƙa da ban san inda kuka ya tsaya waƙa ta fara ba. Kafin kowa ya ci, aka ɗibi kaɗan-kaɗan daga kowane abinci a ɗan faranti aka kai waje, na mamaciya. Tsofaffi aka fara ba, wanda ya yi mini daidai. Sai kuma abin da ban taɓa gani ba. Mu a wajenmu masu zuwa gaisuwa ke kawo wa mai rashi gudummawa. Su mai rashin ne ke rabo. Shekara guda iyalin suna tara kaya, barguna, tukwane, tawul, a ranar su rabar da shi kaf, a kira mutum da sunansa ya fito ya karɓa. Ina zaune ina lissafin irin teburin da za a kafa da kayan nan, sai na ji an ce "Ilu."

Na fita. Ramanu ya warware wani bargo ɗinkin hannu, da ƙaton tauraro a tsakiyarsa, ja da rawaya da fari, ya yafa mini a kafaɗa da kansa. Ni, baƙon da ya tsinta jiya a gefen hanya.

Dalin ta ce a gaya mini hannu kawai ake ba shi, a koma a zauna. Na ce wa Mumuni ya gaya mata a garinmu ba a karɓar kyauta a juya baya haka nan, akwai abin da ake kira tukuici. Na san ɗan aike ake ba wa, amma tunda mai kyautar ya kawo da hannunsa, shi zai ci. Ta ce ba sai na yi ba. Na ce ai ba tambayarta nake ba. Ina so mutanen nan su san mu ma 'yan gidan mutunci ne.

Na ruga mota da bargon a kafaɗa, na farke kwali, na zaɓo malafar da ta fi kowace tsayuwa, na goge ta da hannun riga. Na dawo tsakiyar rumfa. Na cire wa Ramanu hularsa da hannuna, na ɗora masa malafar, na ja baya na duba, na dawo na ɗan karkata ta gefe kamar yadda jarumin fim yake yi.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kyan malafar ne ya kashe musu baki. Kun san halina, in wuri ya yi sanyi sai na hura shi. Na dunƙule hannu na kai baki na busa begilar nan ta silima, tararara, tararara, na zare takobin iska, na yi sukuwa na zagaya rumfar ina buga cinya. Ni, da furfurata, da jikoki biyar a Damagaram.

Wani saurayi ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. Ramanu bai ko juya ba, ya ɗaga yatsa ɗaya, saurayin ya ɗauki kujerarsa ya zauna. Tsohon ya dube ni, ya ba ni hannu, ya ce ya gode. Ya koma mazauninsa da malafar a kansa, kuma bai cire ta ba har aka tashi. Mutane suna zuwa suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a ƙasa. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ce wa Mumuni, "Ka gani ko? Ta yi masa kyau har tsohuwa ta ji kunya."

"Baba Ilu, jikina bai ba ni ba."

"Jikinka yaji ne ya dame shi."

Litinin da safe Dalin ta ɗauke mu a a-kori-kura muka je wani gari sayen famfon. A dawowa sai ta saki kwalta ta hau wani ɗan tudu, ta kashe mota, ta ce mu sauko. Maƙabarta ce. A tsakiya akwai wani kabari guda ɗaya, dogo, ya fi motar 'yan makarantarta tsawo, an kewaye shi da waya, jikin wayar duk an ɗaɗɗaura ƙyallaye. Ta fara magana tana kallon kwarin da ke ƙasa, Mumuni yana juya mini.

Ta ce fiye da shekara ɗari da suka wuce, da tsakiyar sanyi, bayan an gama yaƙe-yaƙe an ƙwace ƙasa an karkashe ɓauna, wani ayarin mutanensu ya sauka a bakin rafin can, da yunwa da marasa lafiya. Sojan doki suka kewaye su, suka kafa manyan bindigogi a kan tudun nan da muke tsaye. Da safe ana karɓe musu makamai sai bindiga ta tashi. Daga nan aka buɗe wuta. Maza, mata, jarirai. Waɗanda suka gudu cikin kwazazzabo aka bi su a kan doki. Bayan kwanaki aka kwaso gawarwakin a daskare aka zuba a rami ɗaya, shi ne wannan.

Mumuni ya dakata da juyawa. Na ce ya ci gaba.

Ta ce kakar Ramanu tana 'yar ƙaramar yarinya a lokacin. Ta tsira ne don uwarta ta faɗi a kanta. Uwar tana cikin ramin nan. Kakar ce kuma ta reni Ramanu. Sai Dalin ta tsuguna, ta zana takubba biyu a gicciye a ƙasa da makullin mota, ta rubuta lambar a sama.

"Alamar rundunar da ta yi aikin ke nan."

Begilar ba ta ma ambace ta ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Da ƙyar na ce, "To don me bai cire ba? Don me bai jefe ni da ita ba?"

Ta ce, "Kai baƙonsa ne. Muddin tana kansa babu mai iya taɓa ka, babu mai iya gaya maka magana. Da ya cire, da ba ka kwana a garin nan ba. Sai ya zauna da ita. A ranar tunawa da matarsa."

A kan tudun nan na yi alkawari biyu. Na farko, ragowar malafun ba zan sayar ba. Na biyu, da mun koma zan cire takalmi in tsuguna a gabansa kamar yadda ake yi wa uba, in nemi gafara, in kuma yi masa gaisuwar mutanen ramin nan, ko da an makara. Na tambayi Mumuni yadda ake faɗa da Turanci. Ya ce "sori."

"Sorin da nake ce wa wanda na taka a jirgin ƙasa?"

"Shi ke nan gare su, Baba Ilu."

Muka iso gida ina maimaita kalmomi a raina, sai muka tarar Ramanu ba ya nan. Duk Litinin ana kai shi asibiti wankin ƙoda, sai bayan azahar yake dawowa. Dalin ta shiga ƙarƙashin mota, kafin rana ta take motar Mumuni ta tashi. Ta goge hannu ta ce, "Ku jira shi. Ya ce kada ku tafi bai dawo ba."

Ga inda nake so ku san ko wane ne Baba Ilunku. Da na ji ba ya nan, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini har ƙafa. Na ce wa Mumuni ya gaya mata in ba mu isa da wuri ba za a rabe wuraren kafa tebur. Mumuni ya dube ni, don ya san tun daga New York ya kama mana wuri. Na ce ya faɗa mata dai. Ya faɗa. Muka tafi ba sallama. Bargon kuwa ban manta shi ba, na naɗe shi tsaf na sa a mota.

Garin masu babur ba ni da abin faɗa a kansa da yawa. Ƙara, gemu, zane a jiki, da matan da kuɗin yadi ya gagara. Ranar farko kwalayen suna rufe a ƙarƙashin tebur, na ɗora ƙafa a kai. Rana ta biyu wani mai tumbi ya hango bakin malafa ta inda na farke, ya ce a nuna masa. Na ce a raina guda ɗaya dai. Kafin la'asar babu ko ɗaya. Wani ya sa tasa ya ƙame ya sara mini, ni kuma na yi masa murmushin kasuwa. Kada wani ya ce ban faɗa ba.

A hanyar dawowa dole mu wuce mararrabar nan inda muka bi yanke. Tun daga nesa na gane ta, na jingina kai da gilashi na rufe ido. Na ji motar ta rage gudu, ta sauka gefe, ta tsaya.

"Baba Ilu. Ga hanyan Ramanu."

Na ja minshari.

"Na san idonka biyu. Awa ɗaya ne kawai, mu je mu dawo."

Na ƙara minsharin, har da ɗan fito a ƙarshe. Ya daɗe a tsaye, injin yana aiki. Sannan ya ja tsaki ya hau hanya. Bai ƙara yi mini magana ba sai da muka koma cikin masara.

Sati shida na yi a Harlem ina ba ku labarin ɓauna. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ina jera tabarau, Mumuni ya zo ya tsaya a kaina da waya a kunne. Ashe yana da lambar Dalin tun ranar gyaran mota. Ya yi 'yar magana da Turanci, ya danna abin da ke sa kowa ya ji, ya cusa mini wayar a hannu.

"Ga shi nan a layi. In kana so ka yi minshari, yi masa."

Na ji numfashin tsohon, sannan ya ce, "Ilu."

Waɗanda kuka gan ni ranar na tuɓe takalmi na tsuguna a kan titin 116 kuka ɗauka cikina ne ya murɗa, to ga abin da ya faru. Turancin da na tanada duk ya gudu. Hausa ce ta zo. Na ce masa ni jahili ne, amma ba jahilcin ne ya fi damuna ba, guduwar ce. Na gaya masa na yi ƙarya a kan wurin tebur, na sayar da malafun, na yi barcin ƙarya a mararraba. Na ce ya haƙurin rashin matarsa, ya haƙurin uwar kakarsa da duk waɗanda ke cikin ramin nan, Allah ya ba shi dangana. Na ce don girman Allah ya yafe mini.

Mumuni ya sunkuyo zai juya masa, tsohon ya ce da Turanci a bar shi haka.

Sai ya fara magana, ba da Turanci ba, da harshensu. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Ya daɗe, ya fi ni daɗewa. Sau biyu na ji sunana a ciki. Da ya gama na ji ƙarar ƙofa, sai muryar Dalin.

Na ce, "Mumuni, tambaye ta me ya ce. Ya yafe?"

Ta ce ba ta sani ba. Ita ba ta jin harshen sai kalma ɗai-ɗai. Ubanta yana yaro an kai shi makarantar kwana inda ake dukansu in sun yi shi, don haka bai koya wa 'ya'yansa ba. Na ce to ta bi shi ta tambaya. Ta ajiye wayar, muka jira. Ta dawo ta ce yana wajen dawaki, kuma ya ce abin da zai faɗa ya faɗa, ba ya maimaitawa.

Mumuni ya ce muryar ba ta yi kama da ta mai fushi ba. Haka ne. Amma wannan mutum ne da ya yini da malafar nan a kansa ba a ji komai a muryarsa ba. Da na jira shi ranar nan bayan azahar, da na tsuguna a gabansa ya yi maganar nan ina kallon fuskarsa, ko kalma ɗaya ban ji ba da na san matsayina. Awa biyu kawai aka ce in jira.